An ce za a kai ɗana makarantar horo kwana 45, dole ne in sa hannu?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Maraɗi ce, muna zaune a gefen birnin Houston na jihar Teksas a Amurka, ni da maigida da yaranmu huɗu. Ɗana Abba shekararsa 14, yana aji tara, yana ɗan shekara goma muka zo da shi. Tun farkon zangon nan wasu yara suka sa shi gaba, suna kwaikwayon Turancinsa, suna kiransa da sunayen banza don daga Afirka ya zo. Ya kai ƙara wurin malamarsu har sau biyu, ni ma na faɗa mata da baki ranar ganawar iyaye. Ranar Talata ɗaya daga cikinsu ya hankaɗe shi a ɗakin cin abinci, abincinsa ya zube, shi kuma ya kai masa naushi har hancin yaron ya yi jini. Aka dakatar da Abba kwana uku.

Da aka kira ni, mataimakin shugaban makaranta ya yi bayani cikin sauri, yayar Abba mai shekara 16 ce ta yi mini tafinta don Turancina bai kai ba. Abin da na gane shi ne za a kai shi wata makarantar masu laifi da suke kira DAEP har kwana 45. Suka miƙo takarda in sa hannu, na ce sai maigida ya dawo, don direban babbar mota ne. Shi kuwa da na kira shi ya ce in sa hannu mu yi haƙuri, kada mu ja da hukuma alhali takardunmu ba su kammala ba, in kuma abin ya ƙi a mayar da yaron gida wurin baffansa. Ban ɓoye miki ba Anti, malamai sun daɗe suna cewa ba ya zama wuri guda, karatunsa ma yana baya. Shin ina da ikon ƙin yarda? Kuma wannan zai taɓa takardunmu?

Maman Abba

Amsa

Wa alaikumus salam Maman Abba. Allah ya kawo sauƙi, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Bari in fara da mai ɗacin, don kada ki gina shirinki a kan abin da babu. Ƙin sa hannunki ba zai hana a kai Abba ba. A Teksas makaranta ba ta buƙatar yardar iyaye kafin ta tura ɗalibi irin wannan wuri. Dokar ma cewa ta yi in an yi ƙoƙarin kiran iyaye ba su zo ba, a yanke hukunci ba tare da su ba. Galibi sa hannun nan shaida ce kawai cewa takarda ta iso hannunki. Na ce galibi, domin akwai takardun da ake cusa wani layi a ciki mai cewa kin yarda da laifin, ko kin yafe zama, ko kin haƙura da ɗaukaka ƙara. Shi ya sa abin da kika yi na ɗauko ta zuwa gida daidai ne. A sami babba mai jin Turanci sosai ya karanta miki ita layi-layi. In shaidar karɓa ce zalla, ki sa hannu, ki rubuta kwanan wata, a gefe kuma a rubuta cewa kin karɓa amma ba ki amince da hukuncin ba. Ki ɗauki hotonta da waya kafin ki mayar. In kuwa akwai maganar yafe wani haƙƙi, kada alƙalaminki ya taɓa wurin.

Kada kuma wani ya zuga ki da cewa a tafi kotun tarayya. Gaskiya ne a 1975 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Goss da Lopez, ta ce ko dakatarwar kwana goma ce ko ƙasa da haka, sai an sanar da ɗalibi abin da ake tuhumarsa da shi an kuma ji ta bakinsa. Amma a 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da Teksas ke ƙarƙashinta, a shari'ar Nevares da gundumar makarantun San Marcos, ta ce mayar da yaro makarantar horo ba hana shi ilimi ba ne, sauya masa wuri ne kawai. Ni dai wannan hukunci bai kwanta mini ba, don duk wanda ya san bambancin ajin da yaro ya saba da ɗakin da ake zaunar da shi gaban kwamfuta ba zai kira shi sauyin wuri kawai ba. To amma shi ne a ƙasa. Ƙarfinki yana cikin dokar jihar ne, wato babi na 37 na dokar ilimi ta Teksas, da kundin ƙa'idojin ɗa'a na gundumarku, da wasu dokokin tarayya biyu ko uku da zan zo kansu. Tun 1995 aka kafa tsarin DAEP, kuma majalisar jihar ta sha yi wa babin gyara, na baya-bayan nan a 2025, saboda haka kundin shekarar karatun da ake ciki za ki nema, ba wanda wata maƙwabciya ta ajiye tun zamanin babban ɗanta ba. Yana shafin intanet na gundumar, kina kuma iya neman bugagge a ofis.

Dokar jihar ta ce cikin kwana uku na karatu bayan an cire ɗalibi daga aji, jami'in ladabtarwa na makarantar ya shirya zama da shi da iyayensa. A zaman nan a gaya wa yaro dalilin cire shi, a bayyana masa hujjar, a ba shi dama ya mayar da jawabi. Tambayar da zan yi miki: wannan tsayuwar da kuka yi a ofis, ita ce zaman? Wataƙila a wurinsu ita ce. To an tambayi Abba me ya faru tun daga farko? An rubuta abin da ya ce? Ke kin sami bakin magana? In amsar a'a ce, ga ƙofarki ta farko.

Ta biyu ita ce maganar tafinta, kuma wannan ta ɓata mini rai. Yarinya 'yar shekara 16, a tsaye gaban hukumar makaranta, ƙaninta na cikin matsala, uwarta na kallonta, a ce ita za ta fassara kalmomin doka. Ko da ta iya Turanci kamar me, ba ta san nauyin kalmomin ba, kuma kunya ma za ta sa ta sassauta wasu ta haɗiye wasu. Dokar 'yancin jama'a ta 1964, kashi na shida, ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci saboda launi ko asalin ƙasa, kuma a kanta ne aka daɗe ana dogara wajen cewa makaranta ta yi magana da iyaye cikin harshen da suke fahimta. Ki nemi tafinta babba, a aljihun makaranta ba naki ba. In sun ce ba su da mai Hausa, kamfanonin tafinta ta waya suna da su. Da sun ji Nijar za su ce ga mai Faransanci. In Faransancinki na kasuwa ne da asibiti, ki ce Hausa kike so. Babu abin kunya a nan, ke za ki kwana da sakamakon abin da ba ki gane ba.

Yanzu ga inda nake so ki tattara hankalinki. Dokar ta kasa laifuffuka gida biyu: waɗanda dole a tura yaro DAEP a kansu, da waɗanda aka bar wa makaranta ta ga dama. Dukan da ya jawo rauni a jiki, a cikin makaranta ko wurin wani taronta, yana cikin na dole. Faɗa tsakanin yara biyu kuwa, a yawancin gundumomi yana cikin na ganin dama. Saboda haka ki duba takardar ki ga da wane suna suka kira abin da Abba ya yi, don jinin hancin nan na iya sa su rubuta shi a gida na farko. Amma ko a gidan dole ne, dokar ta wajabta wa jami'in ya auna wasu abubuwa kafin ya yanke: ko yaron kare kansa ya yi, ko da niyya ya yi ko babu, tarihinsa na ladabtarwa, ko yana da wata nakasa da ke rage masa gane munin abin da ya aikata, ko yana hannun hukumar kula da yara, ko ba shi da matsuguni. Uku na farko sun shafe ku kai tsaye, na huɗu kuma za mu dawo kansa. Ki tambaye su a rubuce yadda suka auna kowanne. Sau da yawa akwati ne kawai ake yi wa alama a fom, amma da zarar uwa ta nemi bayani, sai wanda ya yi alamar ya fara tunanin yadda zai kare ta gaban na sama da shi.

Akwai kuma wadda ta fi wannan ƙarfi. Dokar Teksas kan cin zali tsakanin ɗalibai, wadda aka ƙarfafa a 2017 da abin da ake kira Dokar David, ta tilasta wa kowace gunduma ta kafa hanyar karɓar ƙorafi da bincike, ta sanar da iyayen wanda ake zalunta cikin kwana uku na aiki bayan an kai rahoto. A cikin sashen akwai layin da ya hana a hukunta ɗalibin da bincike ya tabbatar ana cin zalinsa, saboda ya kare kansa daidai gwargwado. Kin ga inda maganar take: sai an yi bincike an tabbatar. Abba ya gaya wa malama sau biyu, ke ma kin gaya mata. An buɗe bincike? An kira ki? In ba a yi ba, makarantar ce ta fara sakaci kafin yaron ya ɗaga hannu. Yau ɗin nan ki shigar da ƙorafin cin zali a rubuce, ki lissafa ranakun gwargwadon abin da kuka tuna, da kalmomin da ake jifansa da su ba tare da tacewa ba, da sunan malamar da aka gaya wa, da yaran da suka gani. Ki faɗa ƙarara cewa tsangwamar ta shafi asalinsa da harshensa, don wannan na mayar da ita batun dokar 1964 ɗin nan, kuma ofishin 'yancin jama'a na ma'aikatar ilimi ta tarayya na karɓar irin wannan ƙorafi cikin kwana 180.

Sai dai ba zan yaudare ki ba. Kare kai a wurinsu yana da ƙunci. Ma'anarsa amfani da ƙarfi daidai abin da mutum ke buƙata a wannan lokacin don ya tsira. In an hankaɗe Abba, yaron ya juya zai tafi, shi kuma ya bi shi da naushi, za su ce ramuwa ce. In kuwa yaron na kansa, ko sun kewaye shi ba hanyar fita, magana ta sauya. Ɗakin cin abinci da wuya a rasa kyamara. Ki nemi a adana bidiyon tun kafin na'ura ta goge shi, ki kuma nemi a nuna miki. Dokar FERPA ta 1974 ta ba iyaye ikon duba bayanan makaranta da suka shafi ɗansu, makaranta kuma ba ta wuce kwana 45 ba ta ba da dama ba. Ke ki ce kina buƙatarsu kafin zaman ɗaukaka ƙara. Wannan dokar ce dai za ta sa su ƙi gaya miki hukuncin da aka yi wa ɗaya yaron, kada ki ɓata ƙarfinki a nan. Kafin ki ga bidiyon, ki zaunar da Abba ya ba ki labari tsakani da Allah, har da abin da bai yi masa daɗi ba. Gara ki ji a ɗakinki da ki gani a ofis bayan kin rantse a kansa.

Duk wannan a takarda guda za a zuba shi, ko imel, zuwa ga shugaban makaranta, a aika kwafi ofishin gunduma mai kula da ladabtarwa. Gajere, ba zagi, ba roƙo: ba ki amince ba, kina neman a sake zama da tafinta, kina neman bayanan da bidiyon, kina shigar da ƙorafin cin zali, kina ɗaukaka ƙara. Mu mun taso da cewa magana fatar baki tsakanin manya ta isa, malami kuma uba ne, ba a ja da shi. Tarbiyya ce mai kyau, amma a can abin da ba a rubuta ba kamar ba a faɗa ba ne, kawaicinki kuma yarda za a ɗauke shi. Ko waya kuka yi da wani jami'i, bayan kun gama ki tura masa saƙo: yau mun yi magana, ka ce kaza.

Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, kuma kowace gunduma da nata, wani 'yan kwanaki ne ƙalilan. Yana cikin kundin, wani lokaci a bayan takardar da aka ba ki. Yawanci ana farawa daga shugaban makaranta, a hau ofishin gunduma, a ƙare a kwamitin amintattu, wato wanda ke shugabantar makarantun gundumar, ko wakilinsa, kuma abin da suka yanke a nan shi ke nan. Ga wani abu da mutane ke tsallakewa. Dokar ta ce in zaman yaro a DAEP zai wuce kwana 60, ko zai wuce ƙarshen zangon ba da maki na gaba, duk wanda ya riga zuwa, iyaye na da haƙƙin a sanar da su a kuma saurare su gaban kwamitin ko wakilinsa. Za a ce miki ai 45 bai kai 60 ba. To kwana 45 na karatu mako tara ne. In makarantarku duk mako shida take fitar da maki, ki ɗauki kalandarta ki ƙirga, mai yiwuwa mako taran nan ya haye ƙarshen zango na gaba.

Kada ki ga kamar wahalar banza ce. Wani babban bincike da aka fitar a 2011, wanda ya bi sawun ɗaliban Teksas kusan miliyan ɗaya daga aji bakwai zuwa sha biyu, ya gano kashi 3 cikin 100 ne kawai na hukunce-hukuncen ladabtarwa suka kasance waɗanda dokar jiha ta tilasta. Sauran duk ganin damar jami'ai ne. Ko a inda turawar ta zama dole, yawan kwanakin a hannun gunduma yake. Abin da mutum ya yanke da ganin damarsa, wani na iya rage shi. Ba lallai a soke hukuncin ba, amma 45 na iya komawa 20 ko 15, ko a mayar da shi horon cikin makaranta. Ki tambaya ko suna duba halin yaro a tsakiyar wa'adi su sallame shi da wuri, ko suna da tsarin da iyaye ke sa hannu kan yarjejeniyar ɗa'a a rage kwanaki.

Yayin da ake wannan, Abba ya je inda aka tura shi. Ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da hukunci a yawancin gundumomi. In kin riƙe shi a gida don fushi, ranakun za su zama fashi ba uzuri, kuma fashin kwana goma cikin wata shida na iya kai ku kotun masu ƙin zuwa makaranta. Sai a tashi daga matsala ɗaya a koma biyu.

Sai maganar da kika sa a ƙarshen wasiƙarki kamar ba ki so faɗa ba, wadda ni a wurina tana iya zama mafi nauyi. Malamai sun daɗe suna cewa ba ya zama wuri guda, karatunsa yana baya. Na san yadda muke da wannan. Da an ce a gwada yaro sai gaban uwa ya faɗi, a ce za a liƙa masa tabon taɓin hankali, dangi su ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Maman Abba. Yana iya zama rashin Turanci ne kawai, yaron da ya fara karatu da Faransanci ya faɗo cikin wani harshe yana ɗan shekara goma. Yana iya zama matsalar tattara hankali, ko ta haɗa baƙi, waɗanda ba su da alaƙa da wauta ko hauka. Gwaji ne zai bambance, kuma kyauta ne.

Dalilin da ya sa nake matsa miki shi ne dokar tarayya ta IDEA, mai kula da ilimin yara masu nakasa, da Sashe na 504 na wata dokar tarayya ta 1973 da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, suna ba ɗalibi mai buƙata ta musamman kariyar da sauran ba su da ita. In za a sauya masa wuri fiye da kwana goma na karatu a jere, sai kwamiti ya zauna da iyaye cikin kwana goma na karatu, a duba ko abin da ya yi ya samo asali ne daga lalurarsa, ko daga gazawar makaranta wajen aiwatar da shirin da aka tsara masa. In haka ne, a ƙa'ida komawa ajinsa zai yi, sai fa in batun makami ne, ko ƙwaya, ko mummunan rauni, inda za su iya cire shi har kwana 45 na karatu ko ma mene ne. Haɓo daga naushi ɗaya da wuya ya kai mummunan raunin da dokar ke nufi. A Teksas, a ƙarƙashin IDEA, kwamitin nan ARD ake ce masa. Abba bai shiga wannan tsari ba tukuna, amma dokar ta ce kariyar na iya hawa kansa in makaranta ta riga ta san akwai alama kafin faɗan: ko iyaye sun rubuta damuwarsu, ko sun nemi gwaji, ko wani malami ya kai maganar halayensa ga shugabanni. Ki binciko tsoffin saƙonnin malamai da katin sakamako. Ko ba a sami komai ba, ki nemi gwajin yanzu a rubuce. In an nema yaro na cikin horo, wajibi ne a gaggauta shi, ko da yake zai ci gaba da zama inda aka kai shi har a gama. Ki nemi a yi la'akari da harshensa wajen gwajin, kada a auna Turancinsa a ce an auna ƙwaƙwalwarsa.

Mu zo kan maigida. Tsoronsa ba na banza ba ne, mutumin da ke kan hanya dare da rana don ya riƙe gida ba ya son abin da zai jawo ido kansa. Ki gaya masa cikin ladabi cewa tun 1982 Kotun Ƙoli, a shari'ar Plyler da Doe, wadda daga garin Tyler na Teksas ɗin nan ta taso, ta ce ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardunsa. Rubuta wa shugaban makaranta ƙorafi ba shiga kotu ba ne, horon makaranta kuma ba hukuncin laifi ba ne. Ba wanda ke da dalilin tambayarki takardun zama a wannan zama, ke ma kada ki ɗauko zancen. Inda zan ce ku yi hattara shi ne 'yan sanda. Gundumomi da yawa a yankin Houston suna da 'yan sandansu, kuma iyayen ɗaya yaron na iya kai ƙara. Ki tambaya kai tsaye ko an rubuta rahoton 'yan sanda. In an yi, wannan wata hanya ce daban mai zuwa kotun yara. Ki gaya wa Abba in ɗan sanda ya kira shi, ya ce cikin ladabi ba zai yi magana ba sai da iyayensa da lauya, kuma kada ya rubuta ko ya sa hannu a kan komai. A nan ne za ku nemi lauya, ku kuma sanar da wanda ke riƙe da maganar takardunku.

Mayar da shi gida kuwa, ban ce har abada ba daidai ba ne. Akwai yaran da zaman gida ya gyara. Amma a yi shi don an zauna an ga shi ne alheri, kada a yi shi don gudun kwana 45. Cire shi ba ya goge hukuncin. Dokar ta yarda makaranta ta kammala shari'arta ko yaro ya fita, in ya dawo a wannan shekara ko ta gaba a aiwatar, in kuma wata gunduma kuka koma takardar na bin sa, su ma suna iya ci gaba da ita. Ga kuma karatu: shekara huɗu yana yi da Turanci, a Maraɗi zai koma Faransancin da ya bari tun yana firamare, alhali yana aji tara, shekarar da makin kammala sakandare ke fara taruwa a Amurka. Fitar yaro daga ƙasar alhali takardu na kan hanya ma tambaya ce ta lauya kafin a sayi tikiti. Sa'annan ku duba abin da shi yaron zai fahimta: an tsokane shi wata da watanni, ya kai ƙara ba a ji ba, ya rama, sai iyayensa suka sa shi a jirgi.

In hukuncin ya tsaya, akwai abin da za ki sa wa ido. Dole wurin ya koyar da Turanci, lissafi, kimiyya da tarihi, da malamai masu shaidar koyarwa, ya kuma ba da nasiha. Darasin da ba a yi a can, gunduma za ta ba shi hanyar kammala shi kyauta kafin sabuwar shekarar karatu. Ki nemi jerin darussansa a nuna miki yadda za a yi da kowanne, har da taimakon Turanci in yana samu. Ki tambayi mota, don ba kowace gunduma ke kai yara can ba, ga maigida ba ya gari. Muddin yana can ba a yarda ya halarci wasanni ko wani taron makarantarsa ba, ko kallon ƙwallo ne. Ki ja masa kunne, don zuwa ɗaya na iya ƙara masa kwanaki. Ranar da ya gama, makarantarsa na da kwana biyar na karatu ta tsara masa shirin komawa aji. Ki je wannan zaman. In bincike ya tabbatar da cin zalin, kina da haƙƙin neman a sauya masa aji ko ma makaranta, sai dai a wannan hali ba dole ne su ba shi mota ba.

Kada ki shiga zaman nan ke kaɗai. Ki tafi da babba guda mai natsuwa da jin Turanci, daga masallaci ko ƙungiyar 'yan gida, wanda zai riƙa rubuta abin da aka ce, ko da akwai tafinta. Ƙungiyar lauyoyi ta Lone Star Legal Aid na taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi a yankin Houston kyauta, Disability Rights Texas kuma su ne na maganar gwaji da kwamitin ARD. Ni shawara nake bayarwa, su ne za su ga takardar da idonsu. In maigida zai iya karkato da tafiyarsa ya halarta, ko ta waya ce a sa shi a lasifika, ya yi. Abba na buƙatar ya ji muryar babansa a ɗakin.

Shi kuma Abba, ku gaya masa gaskiya biyu a zama ɗaya: abin da aka yi masa zalunci ne kuma kuna bin kadinsa, naushin da ya kai kuma ya ba su abin riƙewa. Ku koya masa in an sake, ya tura wa malami saƙo a rubuce ya turo miki kwafi a ranar. Ita ma yayarsa ki yi mata godiya, ki ce mata daga yau an sauke mata wannan aiki.